Kafin ka kai akori-kurar gidanku wajen mai fenti

Ƙanena, idan tsohuwar akori-kurar gidanku ta dawo hannunka, ko kuwa ka tara 'yan kuɗinka ka sayi wadda ta ga jiya ta ga yau, na san abin da zai fara tsone maka ido. Launin da rana ta cinye ne, da ƙofar direba da sai an tallafe ta da gwiwa kafin ta rufu, da gindin ƙofar da tsatsa ta fara ɓurmawa. Zuciya za ta ce maka a kai ta wajen mai fenti ta fito fes kafin Sallah. Ina roƙonka ka dakata. Fenti shi ne aiki na ƙarshe, kuma shi ne mafi sauƙi a duk abin da motar ke bukata. Wanda ya fara da shi zai biya kuɗinsa sau biyu, domin damina ɗaya ko biyu ta isa ta tona abin da aka binne a ƙarƙashinsa.

Motocin nan sun cancanci a wahala a kansu. Peugeot 504 ta fito a Faransa a 1968, shekarar da Toyota ta fitar da Hilux ta farko a Japan. Kamfanin Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, ya kuma ci gaba da fitar da 504 har cikin shekarun 2000, bayan an daɗe da daina ƙera ta a ƙasarta ta asali. Shi ya sa da wuya ka sami garin da babu makanikin da ya san cikinta, kuma har gobe za ka gan ta ta yi lodin tumatir ta nufi 'Yankaba, ko ta ɗauko buhunan hatsi zuwa Dawanau. Mota ce da ta ciyar da gidaje, ta biya kuɗin makarantar yara da yawa. Idan injinta na da rai, gyara jikinta ya fi maka sauƙi nesa ba kusa ba a kan neman wata.

To amma sai ka san abokin gabarka. Tsatsa tana samuwa ne idan ƙarfe ya haɗu da ruwa da iska, gishiri kuma yana ƙara mata sauri. Mu a Arewa mun yi sa'a, watanninmu na rani sun fi na damina yawa, motarmu ba ta shan abin da motar Legas ko Fatakwal ke sha na laima da iskar teku. Duk da haka ƙofofinmu suna ruɓewa, kuma kusan kullum daga ƙasa suke farawa. Dalilin yana cikin yadda aka ƙera ƙofar. Falle biyu ne na ƙarfe, na waje da na ciki, an lanƙwasa bakin na waje ya rungumi na ciki. Robar da ke bakin gilashi ba ta hana ruwa shiga gaba ɗaya ko da tana sabuwa, saboda haka masu ƙera mota suka bar 'yan ramuka a can ƙasan ƙofa don ruwan ya fita. Sai hunturu ya zo da ƙurarsa, ƙura ta bi ta gefen gilashi ta taru a gindin ƙofa wata da watanni. Ruwan farko na sauka, ta zama laka, ta toshe ramukan. Daga nan ruwa ya sami wurin kwana a cikin lanƙwasar nan, inda ba rana ba iska.

Ka je yanzu ka buɗe ƙofar, ka durƙusa, ka bi ƙasanta da yatsa har ka ji ramukan. Ka zura 'yar waya. Idan busasshiyar ƙasa ta zubo, ka gode wa Allah. Idan jar laka ce ta biyo wayar, ko ɓarɓashi mai kama da garin bulo, to aiki ya riga ya yi nisa a ciki. Ka kuma duba fentin waje: duk inda ka ga ya kumbura ya yi ƙuraje, tsatsa ce ta ci ƙarfen daga baya har ta iso gaba. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta cinye girma, shi ya sa take tura fenti waje. Kwanon ƙofa bai cika milimita ɗaya a kauri ba, ba ya ɗaukar ci mai yawa.

Kafin ka kashe ko sisi a kan ƙofa, ka shiga ƙarƙashin motar. Wannan ita ce maganar da na fi so ka riƙe. Ka sa a hau da ita rami ko a ɗaga ta, a wanke lakar da ta daskare, ka riƙe ƙaramar guduma ka bi shasi kana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum, wani lokaci ma gudumar ta shige. Ka dubi inda sifirin na baya ya kama shasi, da inda ɗakin direba ya zauna, da ƙasan da kake ɗora ƙafa, da bututun man birki da suka bi jikin ƙarfen. Akori-kurar da ta yi shekaru tana ɗaukar takin zamani ko gishiri ko dabbobi ta sha abin da ya fi ruwan sama cin ƙarfe, domin taki da fitsarin dabba suna bi ta tsagar bayanta su zauna a kan shasi. Hilux jikinta a ɗaure yake a kan shasi na daban. Ita kuwa 504 ɗakin direbanta yana cikin abin da ke riƙe da motar, don haka ruɓewar ƙasan ɗakin da dokin ƙofa ta fi haɗari a wurinta. Idan nan ya lalace, nan kuɗinka zai fara zuwa, sai birki, sai sitiyari, sai taya. Mota mai ɗauke da buhu ashirin da mutane a samansu ba a yi mata kwalliya alhali ƙashin bayanta na rawa. Idan kuma ɓarnar ta wuce gyara, gara ka sani tun kuɗinka na aljihu.

Idan ƙarƙashin motar ya yi kyau, sai a dawo kan ƙofa: a gyara ta ko a canza? Idan tsatsar ta tsaya a fallen waje, faɗinta bai fi tafin hannu ba, fanal-bita mai hannu zai yanke wurin har ya kai ga farin ƙarfe, ya yanko sabon kwano daidai ramin, ya ɗiga walda nan da can yana barin ta tana hucewa, don zafi kada ya murɗe ƙofar. Amma idan lanƙwasar ƙasa ta ruɓe daga wannan kusurwa zuwa waccan, ko wurin da hinji ke kamawa ya tsage, ko mazaunin makulli ya yi laushi, kada ka yarda a yi ta faci. Ka nemi wata ƙofar. Ƙofa ba don rufe iska kaɗai aka yi ta ba. Ita ke hana mutum faɗowa idan mota ta yi tangal-tangal, kuma ƙofofin motocin da suka biyo baya suna da wani ƙarfe a kwance a cikinsu don tare bugu daga gefe. Raina yana ɓaci duk lokacin da na ga ƙofar da aka ɗaure da igiya ko aka yi wa sakata irin ta gida, ga kuma yara a zaune a jikinta.

Sayen ƙofa kuwa sai da ido. Ko Ƙofar Ruwa ka je a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko aka aiko maka daga Ladipo a Legas, maganar da za ka ji ɗaya ce: “Ta Beljiyam ce, ba a taɓa ta ba.” Wataƙila gaskiya ne. Sai dai ka sani, a ƙasashen sanyi na Turai da Amurka ana watsa gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara, kuma gishirin nan yana shiga daidai wurin da muka yi magana. Ƙofa tana iya sheƙi a waje, gindinta kuwa ya gama aiki. Ka juya ta ka dubi lanƙwasar ƙasa. Idan ta kumbura ko bakinta ya buɗe, ajiye ta. Ka ce a cire katakon ciki ka haska fitilar wayarka har ƙasa. Ka tafi da maganaɗisu, ko da na tsohuwar lasifika ne, ka naɗe shi da ƙyalle ka bi jikin ƙofar: inda ya kama da ƙarfi ƙarfe ne, inda ya saki fila aka cika.

Kada ka dogara da sunan mota kawai. Hilux ta sauya siffa sau da yawa. Ƙofar ƙirar da aka fara a 1988 ba za ta hau wadda aka fara a 1997 ba, kuma sau da yawa ƙofar gaba ta mai ɗaki ɗaya ba daidai take da ta mai ɗaki biyu ba. Akwai kuma batun hannu. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, sitiyarinmu yana hagu, ƙofar da aka ciro daga motar da aka yi don Ingila ko Japan kuwa tana iya zuwa da maɓallan gilashi da madubi a tsarin da bai dace da naka ba. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka ɗauki tsohuwar ƙofar ka tafi da ita, ku jera su, ku gwada tazarar hinji da wurin makulli. Ka tafi da fanal-bitanka in zai yiwu, ka biya shi kuɗin ranarsa. Ka kuma karɓi rasit mai sunan shago. Kayan mota na sata suna yawo, kuma wanda aka kama da su a hannu shi ke kwana a caji ofis.

A rataya ƙofar a gwada ta tun ba a taɓa fenti ba. Da yawa suna yin akasin haka, su fesa ƙofa ta bushe sannan su zo ɗaurawa, sai a ga ba ta zauna ba, a shiga bugu da lanƙwasa, sabon fenti ya tsattsage. Kafin a kwance tsohuwar, a zana layi a kewayen hinjin don a san mazauninsa. Idan ƙofar da ta saba sauka ce, ka ɗaga bakinta ka ji ko tana wasa. In tana yi, ƙusar hinjin ce ta cinye, a canza ta, in ba haka ba sabuwar ƙofar ma sauka za ta yi. A daidaita har tazarar da ke tsakanin ƙofa da jiki ta zama ɗaya sama da ƙasa, layin jikinta ya bi layin motar, ta rufu da turawar hannu ɗaya ba tare da an doka ba. A tuna cewa gilashi da injin ɗaga shi suna da nauyi, ƙofar da aka daidaita babu su za ta ɗan sauka idan an mayar. Duk lokacin da za a kunna walda, a cire kan batir, a kuma san inda tankin mai da bututunsa suke.

Yanzu mun zo wurin da ake cutar masu mota, wurin da su ma masu mota ke cutar kansu, wato fila. An yi ta ne don ta share 'yan lotsawar da guduma ta bari, a shafa ta siririya a kan tsabtataccen ƙarfe, milimita biyu ko uku. Ba a yi ta don toshe rami ba. Amma za ka ga an cusa takarda ko ragar waya a ramin tsatsa, an lafta fila kamar kaurin yatsa, an goge ta yi sumul, an fesa fenti. Ranar karɓa mota sai murna. Ita kuwa fila tana shan laima ta baya, tsatsar da aka rufe tana ci gaba da ci, motar tana girgiza a kan hanyar ƙauye, rana tana gasa ta. Watanni kaɗan sai tsaga ta bayyana, sai ɓangare guda ya ɓalle ya faɗi, ramin ya fi na da girma. Daidai yake da gyambon da aka naɗe ba a wanke ba.

Ba na ɗora laifin duka a kan mai aiki. Sau da yawa mai mota ne ke zuwa da kuɗin aikin kwana biyu yana neman aikin mako uku, ya tsaya a kai yana cewa jibi zai yi lodi. Mai gareji yana da yara da zai sallama, sai ya ce, “Bar ni da ita, fila za ta rufe.” Araha ba ta ado. Idan kuɗinka bai kai ba, ka raba aikin gida biyu: bana a yi ƙarfe a rufe shi da firaima mai kyau, baɗi a yi fenti. Ka dai tambayi irin firaimar, domin ta gama-gari tana shan ruwa idan aka bar ta a fili; mai hadina (ruwan da ke sa ta yi tauri) wadda ake kira ifoksi ita ce ke jure zama. Motar da ke yawo da launin toka na firaima alhali ƙarfenta lafiya lau ta fi mai sheƙi da ke ruɓewa a ɓoye, ko da abokanka za su yi maka dariya a tasha.

Ku yi magana da maigidan gareji tun farko, cikin girmamawa, a gaban shaida. Ka ce masa, “Maigida, ina so a kira ni in ga ƙarfen bayan an kankare, kafin a sa fila.” Mai gaskiya ba zai ji haushin wannan ba. Ka biya kuɗi kashi-kashi, kowane kashi bayan ka ga aikinsa. Idan ka zo, ka duba ko an kankare har farin ƙarfe da samfefa mai kaushi, lamba 80, ko kuwa an shafa sama-sama ne. Daga nan ake bi da mai laushi, 180, har zuwa 400 ko sama kafin fenti. Ka duba ko an cire hannun ƙofa da madubi da robobi da fitilu, ko kuwa an manna musu takarda da salatif ne kawai. Inda aka manna, nan fenti ke fara ɓarewa. Cikin ƙofar ma a fesa masa firaima, musamman bayan wurin da aka yi walda, domin zafi ya ƙone kariyar da ke wurin. Kuma a tabbata fenti bai toshe ramukan ruwa ba.

Lokacin fenti yana da muhimmanci a ƙasarmu. Cikin tsakiyar hunturu ƙura tana sauka a kan ɗanyen fenti ta mayar da shi kamar yashi. Ranar da hadari ya haɗu kuma laima tana sa shi ya yi hazo, ya rasa sheƙi. Wanda ke da halin kai motarsa rufaffen ɗakin fenti ya huta. Wanda ba shi da hali, a nemi rumfa mai kariya, a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, a fesa da safe kafin iska ta tashi, a zubar da ruwan da ya taru a tankin kwamfiresa, a bar kowane zubi ya sha iska kafin na gaba. Maiƙo ko man goge mota idan ya saura a jiki, fenti zai guje shi ya bar 'yan ramuka, don haka a wanke sosai. Kada a haɗa fentin wani kamfani da hadinar wani, kada kuma a tsinka shi da fetur don a rage kuɗin tina.

Launi kuwa, shawarata ka bar mata nata. Lambarsa tana kan 'yar farantin ƙarfe ko takardar da kamfani ya manna a jikin mota. A Toyota, misali, 040 fari ne. Idan ƙofa kaɗai za a fesa, ka sani rana ta riga ta kodar da sauran jikin, sai mai haɗa fenti ya gwada da ido a kan wani ɓangare na motar. Sauya launi gaba ɗaya yana nufin a fesa har dokin ƙofa da ƙarƙashin bonet, in ba haka ba duk buɗe ƙofa sai tsohon launi ya leƙo. Sannan launin mota a rubuce yake a takardunta. Idan ka sauya, ka je ofishin lasisi a gyara, kada ka bari sai jami'an hanya sun tsayar da kai da kaya a baya. Ga motar aiki a ƙasa mai zafi irin tamu, ban ga abin da ya kai fari ba: ba ya tara zafi, yana ɓoye 'yan lotsawa, kuma facinsa ba wuya.

Ina da magana da ku, 'yan'uwana masu koyon fenti da bugun kwano, domin ku ne kuke shaƙar abin da mai mota ba ya shaƙa. Fentin 2K da ake zuba wa hadina yana ɗauke da sinadarin aisosayanet, wanda ke jawo ciwon asma, kuma idan ƙirji ya kamu da shi, ko ɗan kaɗan mutum ya sake shaƙa sai numfashi ya sarƙe. Hankici ko takunkumin asibiti ba sa tare shi. Mafi inganci shi ne takunkumin da ake turo wa iska mai tsabta ta bututu. In ba a samu ba, aƙalla a sa mai gwangwanin tace iska a riƙa canza shi, a kuma yi feshi inda iska ke wucewa. Madarar da ake sha bayan feshi ba ta wanke huhu, ciki take zuwa. Tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma, kuma kun san abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010, lokacin da ƙurar dutsen zinariya ta shiga gidaje. Ku jiƙa samfefa idan aikin ya ba da dama, ku wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, ku daina wanke shi da tina, kuma kada ku shiga gida da kayan aiki ku ɗauki ƙannenku. Iyayen gidan gareji, yaran nan amana ce iyayensu suka ba ku; ku saya musu takunkumi.

Idan mota ta fito, ka ba fentin makonni kafin ka goga masa man sheƙi, ka riƙa wankewa da ruwa da ƙyalle mai laushi. Ka canza robobin gilashi idan sun bushe. A fesa man kariya a cikin gindin ƙofofi. Wasu na zuba baƙin mai, yana ɗan taimakawa, amma yana tara ƙura yana kuma lalata roba, don haka in ka sami wanda aka yi don wannan aikin ya fi. Ka shimfiɗa tamfol ko katako a baya kafin a loda taki, ka kuma wanke bayan da ƙarƙashin a ranar da aka sauke, kada ka bari ya kwana. Duk ƙwarzanen da ya kai ga ƙarfe ka ɗiga masa fenti a makon. Sannan kowace shekara, idan hunturu ya wuce kafin ruwan farko ya sauka, ka durƙusa da 'yar wayarka ka buɗe ramukan ƙasan ƙofa. Don Allah, ƙanena, ka koya wa yaron motarka wannan shi ma.